Layi da inuwa a zane

Layi da inuwa su ne manyan hanyoyi biyu da mai zane yake bi wajen nuna siffa da zurfi da motsi a kan takarda, allo ko bango. Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, tsawo da faɗi kawai take da su, kuma abin da aka zana a kanta ba ya gusawa daga inda yake. Duk da haka mai kallo yakan ga tulu a dunƙule, ya ga hanya ta miƙe ta yi nisa, ya ga doki yana sukuwa. Dalili shi ne mai zane yana ajiye wa ido irin alamun da ya saba dogaro da su a zahiri, sai ƙwaƙwalwa ta cike sauran. Layi yana nuna iyakar abu da inda ya dosa. Inuwa tana nuna yadda haske ya sauka a jikinsa, daga nan ake gane kaurinsa da wurin da yake zaune.

Ma'anar kalmomi

Kalmar zane ta fito daga aikatau zana. Ana furta ta da dogon wasali a gaɓar farko, wanda ya bambanta ta da zane na ɗaurawa mai gajeren wasali, ko da yake rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna wannan bambanci. Layi kuwa aro ne daga Turanci. Inuwa a Hausa ta haɗa ma'anoni biyu: wurin da rana ba ta kai ba, kamar gindin bishiya, da kuma baƙar siffar da mutum ko wani abu yake jefawa a ƙasa. Duka biyun suna da amfani a zane, don haka a wannan maƙala an raba su da inuwar jiki da inuwar ƙasa.

Kalmomin fasahar da dama sun fito daga harshen Italiya. Kiyaroskuro haɗin kalmomi biyu ne masu nufin haske da duhu, ana kuma kiran salon da yake gina siffa ta hanyar gwama su da wannan suna. Sufumato ya samo asali daga kalmar hayaƙi, yana nufin narkar da haske cikin duhu sannu a hankali har a rasa inda ɗaya ya ƙare.

Yadda ido yake karanta zane

Abubuwan duniya ba su da baƙin layi kewaye da su. Abin da ido yake gani shi ne gefe, wato wurin da haske ko launi ya canza farat ɗaya. Tun daga 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka nuna, ta hanyar gwaji a kan kyanwoyi a Amurka, cewa a sashen gani na ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da suke amsawa ga gefe ko layi mai fuskantar wani ɓangare na musamman: wasu ga na tsaye, wasu ga na kwance, wasu ga na karkace. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 1981. Masana da yawa suna ganin wannan ne ya sa layin fensir yake iya tsayawa a madadin gefen abu. A 1962 Julian Hochberg da Virginia Brooks sun ba da rahoton wani yaro da aka rena har wata 19 ba tare da an koya masa kallon hotuna ba, amma da aka nuna masa zanen layi na abubuwan da ya sani sai ya faɗi sunayensu.

Game da inuwa, ƙwaƙwalwa tana da wani zato da ta saba da shi, cewa haske daga sama yake zuwa, kamar na rana. Idan aka zana da'irori masu haske a sama da duhu a ƙasa, za a gan su a kumbure. Idan aka juya takardar sama ta koma ƙasa, da'irorin nan za su zama kamar ramuka. V. S. Ramachandran ya yi nazarin wannan a 1988, ya kuma nuna cewa ido yana ɗauka cewa haske ɗaya ne yake haska dukan abin da ke gabansa.

Layi da zurfi

Hanya mafi sauƙi ta nuna zurfi ita ce tarewa. Idan layin wani abu ya zo ya tsaya a jikin layin wani, ido yana yanke hukuncin cewa wanda aka katse yana baya. Da layuka biyu kacal za a iya nuna tudu a bayan tudu.

Ta biyu ita ce nauyin layi. Layi mai kauri da duhu yana matsowa kusa, siriri mai haske yana ja da baya. Ana ganin amfanin wannan a akwatin Necker, wanda Louis Albert Necker ɗan ƙasar Suwizalan ya bayyana a 1832. Akwati ne da aka zana dukan gefunansa 12 da layi iri ɗaya, sai ido ya kasa tsayar da fuskar da ke gaba, yana ta juya shi. Da zarar an ƙara wa gefunan fuska ɗaya kauri, ruɗanin yakan ragu, fuskar ta fito gaba. Masu zane kuma sukan ƙara wa layi kauri a ƙasan abu da ɓangaren da ba ya samun haske, su sirantar da shi ko ma su katse shi a inda haske ya fi yawa. Ta haka layi shi kaɗai yakan yi aikin inuwa.

Ta uku ita ce layukan da suke bin jikin abu, ba gefensa ba. Da'ira da aka zana da layi ɗaya tana iya zama faifai ko ƙwarya. Idan aka ja lanƙwasassun layuka a cikinta suna zagaya ta kamar ɗinkin ƙwallo, sai ta tashi daga faifai ta koma dunƙule.

Ta huɗu ita ce ƙa'idar hangen nesa. Layukan da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a zahiri, kamar ƙarafan titin jirgin ƙasa, a ido suna matsowa kusa da juna har su haɗu a ɗigo ɗaya a inda sama ta haɗu da ƙasa. Abubuwa kuma suna ƙanƙancewa gwargwadon nisansu: mutumin da ke nisan mita 20 zai fito rabin tsawon wanda ke nisan mita 10.

Inuwa da siffa

Yawan hasken da wuri yake samu ya danganta da yadda ya fuskanci fitila ko rana. Johann Heinrich Lambert ya tsara wannan a lissafi a 1760. Fuskar da ta kalli haske kai tsaye ita ce mafi haske, wadda ta karkace da digiri 60 tana samun rabinsa, wadda ta ba shi baya ba ta samun komai kai tsaye. Saboda haka abu mai kusurwa kamar akwati yana canza haske farat ɗaya daga fuska zuwa fuska, abu mai zagaye kamar ƙwai kuwa haskensa yana raguwa a hankali.

A makarantun zane ana koyar da sassa biyar a jikin abu mai zagaye da fitila ɗaya ta haska:

Ƙyalli, wato ɗan wurin da ya fi ko'ina haske.
Tsaka-tsaki, inda jikin abin ya fara kauce wa haske.
Cibiyar inuwar jiki, wadda ita ce mafi duhu a jikin abin, tana farawa daga inda haske ya daina kaiwa.
Hasken da ya dawo, wanda ƙasa ko bango suke mayarwa a cikin inuwar jiki, ya ɗan rage mata duhu ta wajen gefe.
Inuwar ƙasa, wadda abin ya jefa a kan abin da yake zaune a kai.

Inuwar ƙasa ita ce take faɗin wurin da abu yake. Idan ta manne da gindinsa, yana zaune a ƙasa. Idan aka raba su da ɗan fili, sai a ga abin yana shawagi, alhali ba a taɓa zanen abin kansa ba. Tsawonta kuma yana nuna lokaci, gajera da tsakar rana, doguwa da hantsi ko la'asar.

Nisa ma yana shafar haske da duhu. Ƙura da tururin da ke cikin iska suna sa abin da ke nesa ya dushe, baƙinsa ya koma toka-toka, gefensa ya ɓace, kamar yadda ake gani ƙarara a lokacin hunturu. Mai zane yana kwaikwayon wannan ta hanyar ajiye mafi duhu da mafi haske a gaba, ya bar na baya da ɗan bambanci kaɗan.

Dabarun yin inuwa

Alƙalami da tawada ba su da toka-toka, baƙi ne ko fari. Don haka aka ƙirƙiro jera layuka: ana jan gajerun layuka kusa da juna, idan sun matsu wurin ya yi duhu, idan sun warwatsu ya yi haske. Idan ana son ƙarin duhu sai a gitta wasu a kansu, wannan shi ne layukan giciye. Akwai kuma ɗige-ɗige, inda yawan ɗigo yake maye gurbin yawan layi. Mai amfani da gawayi ko fensir yana iya murza abin da ya zana da yatsa ko naɗaɗɗiyar takarda, ya kuma ciro haske da robar gogewa. Mai amfani da buroshi yana sirka tawada da ruwa ya samu matakai daga baƙi ƙirin zuwa kusan fari.

Kayan aiki suna da tasiri a nan. A 1795 Nicolas-Jacques Conté ya samu lasisin ƙirƙira a Faransa na haɗa garin girafayit da yumɓu a gasa. Yawan yumɓu yana sa bakin fensir ya yi tauri ya ba da layi mai haske, ƙarancinsa yana sa ya yi laushi ya ba da baƙi. Wannan ne tushen fensir masu alamar H da masu alamar B. Alƙalamin kara mai faɗin baki, irin wanda ake rubutun allo da shi, yana ba da layi mai kauri ko siriri gwargwadon inda aka ja shi. Da alƙalamin kara Rembrandt ya yi zane-zane da yawa, haka ma Vincent van Gogh a garin Arles a 1888, inda ya cika gonaki da sararin sama da ɗige-ɗige da gajerun layuka.

Layi da motsi

Layin kwance yana ba da jin natsuwa, na tsaye yana ba da jin kafuwa. Layin karkace shi ne na motsi, domin a zahiri abin da ya karkace ko dai yana faɗuwa ko yana yunƙuri. Mutumin da aka zana kansa yana daidai saman ƙafafunsa a tsaye yake. Idan aka tura gangar jikinsa gaba ta wuce ƙafar da ke ƙasa, ido zai jira taku na gaba. Masu zanen katun sukan fara da lanƙwasasshen layi ɗaya daga kai zuwa diddige, su gina sauran jiki a kansa. William Hogarth na Ingila, a littafinsa The Analysis of Beauty na 1753, ya fifita layi mai lanƙwasa irin ta tafiyar maciji a kan miƙaƙƙe, yana ganin shi ne yake jan ido ya bi shi.

Layi kuma yana ɗauke da sawun hannun da ya ja shi. Wanda aka ja da sauri yakan fara da kauri ya ƙare da siririn wutsiya, wanda aka ja a hankali yakan fito da kauri ɗaya, wani lokaci da ɗan rawa. Mai kallo yana karanta saurin hannun ya jingina shi ga abin da aka zana. A zanen Rembrandt na wata budurwa tana barci, wanda ya yi wajen 1654 kuma yake gidan tarihi na Birtaniya a Landan, 'yan shafe-shafen buroshi kaɗan ne suka fitar da nauyin jikinta da kwanciyar kanta a kan hannu. Leonardo da Vinci a ƙarshen rayuwarsa ya yi jerin zane na ambaliya da baƙin alli, inda murɗaɗɗun layuka suke naɗe ruwa da iska da duwatsu wuri guda.

Wata dabarar ita ce maimaitawa. Étienne-Jules Marey a shekarun 1880 ya ɗauki matakan motsi da yawa a kan hoto ɗaya, masu zane kuma suka ɗauki darasi: a 1912 Giacomo Balla ya zana kare da ƙafafu da wutsiya masu yawa don nuna sauri. Layukan gudu da ake ja a bayan mota ko ƙwallo a littattafan katun dangin wannan dabara ne. A shekara ta 2000 Zoe Kourtzi da Nancy Kanwisher sun gano cewa hotunan da ba sa motsi amma suna nuna mutum a tsakiyar motsi suna tayar da sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ganin motsi na gaske.

Tarihi

Dabarun nan sun girmi rubutu nesa ba kusa ba. A kogon Chauvet da ke kudancin Faransa, wanda aka gano a Disamba 1994, akwai zanen zakuna da dawakai da karkanda na gawayi da suka haura shekara 30,000. Masu zanen sun kankare bango kafin su fara, sun murza gawayi don fitar da kumburin jiki, sun jera kawunan dabbobi wani a bayan wani. Akwai wata irin ɓauna da aka yi wa ƙafafu takwas, wadda masana da dama suke fassarawa da nuna gudu. A Dabous da ke arewa da Agadez a Nijar an sassaƙa raƙuman dawa biyu a kan dutse, babban ya haura mita 5, da layuka masu bambancin zurfi.

Pliny Babba, marubucin Rum na ƙarni na 1, ya kawo labarin wata budurwa a Korinti da ta bi gefen inuwar saurayinta a bango da layi kafin ya yi tafiya, wanda daga baya aka ɗauka a matsayin asalin zane. Labari ne na gargajiya, amma ya nuna yadda mutanen da suka haɗa layi da inuwa tun farko. Girkawa sun yi wa Apollodorus na Atina, na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, laƙabi da mai zanen inuwa.

A ƙasar Sin an bi wata hanya dabam. Xie He a ƙarni na 6 ya jera ƙa'idoji shida na zane, ta farko ita ce rai da motsi, ta biyu ƙarfin jan buroshi. Masu zanen duwatsu da koguna ba su cika zana inuwar ƙasa ba. Suna nuna nisa da tawada mai ruwa-ruwa da filin da aka bari fari a matsayin hazo, kamar a zanen farkon bazara da Guo Xi ya yi a 1072.

Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta Kitab al-Manazir a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya tabbatar da cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido a miƙe. An fassara littafin zuwa Latin, ya kuma isa hannun masana da masu fasahar Italiya. A farkon ƙarni na 15 Filippo Brunelleschi ya gwada ƙa'idar hangen nesa a birnin Florence, sannan Leon Battista Alberti ya rubuta ta a 1435, inda ya raba aikin mai zane gida uku: kewaye siffa da layi, tsara siffofi, da karɓar haske. Leonardo (1452–1519) ya shahara da sufumato. Da yake bahago ne, layukan inuwarsa suna gangarowa daga hagu ta sama zuwa dama ta ƙasa, abin da masana suke dubawa wajen tantance zanensa. Albrecht Dürer na Jamus ya zana hannaye biyu masu addu'a a 1508 a kan shuɗiyar takarda: launin takardar ya zama tsaka-tsaki, ya ƙara duhu da tawada, ya ƙara haske da fari. A 1649 Claude Mellan na Faransa ya sassaƙa fuska sukutum a farantin tagulla da layi ɗaya tak, wanda ya fara daga kan hanci yana zagayawa, kauri da sirantarsa kaɗai suka fitar da ido da baki da gashi. Georges Seurat a shekarun 1880 ya yi akasin haka, ya goga baƙin alli a takarda mai kaushi har siffofi suka fito daga duhu kusan babu layin gefe.

A Najeriya, Uche Okeke (1933–2016) yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ya gina zanensa a kan uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, wanda yake dogara da lanƙwasar layi da filin da aka bari, ba da inuwa irin ta Turai ba. A Sudan, Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ya ciro layinsa daga rubutun Larabci, ya kuma yi zane-zane da yawa da baƙar tawada a kan farar takarda.

Kurakuran masu koyo

Kuskuren da aka fi samu shi ne kewaye komai da layi mai kauri ɗaya, wanda yake mayar da zane kamar an yanko shi an manna. Na biyu shi ne rashin tsayar da inda haske yake fitowa, sai inuwar hanci ta faɗi dama, ta wuya ta faɗi hagu. Na uku shi ne ba hasken da ya dawo ƙarfi har ya kai na ɓangaren da ke fuskantar fitila, abin da yake rusa dunƙulewar siffa. Malamai sukan shawarci ɗalibi ya kanne ido yana kallon abin da zai zana, domin ƙananan bayanai su ɓace, manyan yankunan haske da duhu su rage.

Amfani a wasu fannoni

A zanen injiniya nauyin layi doka ce: layi mai kauri na gefen da ake gani ne, mai tsinke-tsinke na gefen da ya ɓuya. A taswira ana yi wa duwatsu inuwa kamar haske yana zuwa daga arewa maso yamma, wato saman takarda ta hagu, kamar a taswirar Dufour ta Suwizalan da aka buga tsakanin 1845 da 1865. Idan aka haska su daga ƙasan takarda, mai karatu yana iya ganin kwari a matsayin tudu. Hotunan mutane a takardun kuɗi, kamar na Sardauna Ahmadu Bello a naira 200, an gina su da siraran layuka da ɗige-ɗige, kuma wahalar kwaikwayon irin wannan aiki tana cikin matakan hana jabu. A kwamfuta ma lissafin Lambert yana nan: hanyoyin da Henri Gouraud ya fitar a 1971 da Bui Tuong Phong bayansa a Jami'ar Utah suna lissafa hasken kowane ɓangare na siffa gwargwadon yadda ya fuskanci fitila, kuma a kansu aka gina inuwar wasannin bidiyo da finafinan katun na zamani.

Duba kuma

Zane
Ƙa'idar hangen nesa
Fensir
Ibn al-Haisam
Uli